Sauke kujerar MX-5: in sayi na riyal 1,500 ko in kai wa maƙeri?

Dogon Riyad:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema daga masu sanin ƙarfe.

Motata Mazda MX-5 ce, ƙirar 2008. Tsayina santimita 189, in an rufe rufin gashina yana gogarsa, in na sa hular kwano kuwa sai na karkatar da wuya kafin in zauna. Ina so in fara shiga filin tseren motoci na Dirab, kusa da Riyad, ga shi babu shiga sai da hula, don haka dole kujerar ta sauka.

Na samu wani kamfani a Amurka da ke sayar da ƙarafan sauke kujera. Ƙarfe huɗu ne da aka lanƙwasa aka huda, da 'yan notuna a leda, dala 400. A canjin 3.75 riyal 1,500 ke nan, ban sa kuɗin jirgi ba, ban sa harajin kashi 15 cikin ɗari ba. Duk wannan don kujera ta sauka da santimita 3 ko 4. Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Ƙarfen da ke ciki bai kai kilo biyu ba, kuma a Sana'iyya, unguwar maƙera da masu gyaran mota, akwai masu yanka da lanƙwasa irinsa kafin a yi la'asar. Ba rowa ce ba, ina so ne in san me nake saya. Akwai abin da ke cikin na kamfani wanda maƙeri ba zai iya ba, ko tsadar suna ce kawai?

Baba mai walda:

Wa alaikumus salam ɗana. Tsada kam akwai ta, ban musa ba. Amma kafin ka auna kilon ƙarfe, leƙa gefen kujerar ta wajen giya ka ga inda makullin bel yake ɗaure. A yawancin motocin zamani a jikin kujera yake, ba a ƙasan mota ba. Ranar da aka yi karo, Allah ya kiyaye, bel zai ja kujera, kujera ta ja waɗannan ƙarafan huɗu da ka raina. Gwajin kujerun mota ana yinsa ne da ƙarfin da ya ninka nauyi sau 20. Mutum mai kilo 90 ya koma kilo 1,800 ke nan a cikin ƙiftawar ido, ban da nauyin ita kanta kujerar.

Maƙeri zai iya, amma ba kowanne ba. Mai haɗa ƙofar gida da tagogi ba naka ba ne. Dokar hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta ce ƙafar kujera kada kaurinta ya gaza milimita 3 in ƙarfe ne, milimita 5 in alminiyom ne, a ɗaure ta wuri huɗu da noti mai kaurin milimita 8 zuwa sama. Ni da hannuna milimita 5 nake sawa, ƙarfe guda a lanƙwasa shi a inji, ba guntaye a haɗa da walda ba, don tsagewa daga bakin walda take farawa. Notin kuma ka duba kansa da idonka, a ga lambar ƙarfinsa, 8.8 ko 10.9, a rubuce. Wanda babu lamba a kansa ka bar wa mai shago abinsa. Ramukan da kamfanin mota ya huda a ƙasa su za ka yi amfani da su, kada ka yarda wani ya huda maka sabbi a falle ɗaya na ƙasan mota, yagewa yake yi kamar gwangwanin madara.

Ɗan Makka 86:

Yaya, kafin ka taɓa ƙarfe, ka gwada rage soso? Masu MX-5 sun daɗe suna yin haka. Mai ɗinkin kujeru zai buɗe rigar mazaunin, ya yanke soson ta ƙasa, ya mayar. Sauka kusan ɗaya ce da ta ƙarafan, bel da ƙafafu kuma suna nan yadda aka ƙera su. Ka je tashlih na Ha'ir, inda ake sayar da sassan matattun motoci, ka nemo mazauni a yi aikin a kansa, naka ya zauna lafiya don ranar sayar da mota. Majingina dai kada a kusance ta, in motarka mai jakar iska ta gefe ce a nan take. Illarsa tauri, tafiyar Riyad zuwa Dammam za ka ji ta a ƙugu.

Abu Hanan:

Ni na kamfani na saya, ban yi nadama ba. Ba ƙarfe na biya ba, na biya ne don na ɗaura ya zauna daidai, kujera na gaba da baya ba ta cijewa. Sai dai ka rubuta musu ka ce su nuna takardar gwajin karo. Da yawansu ba su da ita.

Dogon Riyad:

Allah ya saka da alheri. Baba, na leƙa, makullin a jikin kujera yake kamar yadda ka ce. Wannan ya sa na ɗauki maganar ƙarfe da nauyi, amma bai sa riyal 1,500 ya zama daidai a idona ba. In ba su da takardar gwaji, Abu Hanan, to da su da maƙerin kirki duk hannu da ido suka dogara da shi, gara in ba wanda zan tsaya a kansa in ga kaurin da ya yanka. Na aika musu saƙo yau.

Da soso zan fara, Asabar zan shiga Ha'ir. In hular ba ta samu wuri ba sai in zo kan ƙarfe. Baba, tambaya ɗaya: in kujera ta sauka, bel ɗin kafaɗa ba zai hau mini wuya ba?

Baba mai walda:

Da tsayinka ba zai hau ba, ɗana. Bayan aikin ka zauna ka ɗaura: na sama ya bi tsakiyar kafaɗa, na ƙasa ya kwanta a kan ƙashin ƙugu, ba a kan tumbi ba. Ka tafi da hularka wurin mai ɗinkin, ya rage kaɗan ka gwada, kafin ya ƙara yanka.