Waɗanda aka taɓa yi wa tayin maganin sitem sel, ku gaya mana abin da kuka gani

Maman Abdallah: Assalamu alaikum. Ɗana yana da sikila, shekararsa tara. Makonni uku da suka wuce wani mutum ya neme ni a Facebook, ya ce akwai wani asibiti a ƙasar waje da ke yin allurar sitem sel, wato ƙwayoyin halitta na tushe, allura uku cutar ta tafi. Ya turo bidiyon yara suna guje-guje. Da na tambaye shi dalilin da ya sa likitanmu bai taɓa ambata mana ba, sai ya ce doka ce ta ɗaure wa likitoci hannu, wai gwamnatoci na tsoron a fara kwafar mutane, wato samar da jariri mai ƙwayoyin halitta iri ɗaya sak da na wani mutum. Maganar ta tsaya mini a rai, ban iya barci. Duk wanda ya taɓa shiga wannan harka, ko ya ji daɗi ko bai ji ba, don Allah ya ba mu labari.

Abu Hanifa: Wa alaikumus salam. Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya. Maganin sitem sel na sikila akwai shi, kuma babu dokar da ta hana shi, amma ba allura uku ba ne. Dashen ɓargo ne. An yi wa 'yata a Ingila, yayanta ne ya ba ta. Sai da aka gwada jinin yaranmu duka, domin ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya ma, damar dacewarsa ɗaya ce cikin huɗu. Sannan aka ba ta magani mai ƙarfi da ya kashe ɓargonta na da, gashinta ya zube, ta yi makonni a ɗakin da ba ka shiga sai ka wanke hannu ka rufe baki da hanci. Tun kafin a fara suka zaunar da mu suka ce za ta iya rasa haihuwa, sabon ɓargon zai iya juyowa ya yaƙi jikinta, kuma akwai yaran da ba sa tashi.

Inda na ga doka da idona shi ne wajen yayan nata. Shekararsa goma sha ɗaya a lokacin, don haka sa hannuna kaɗai bai isa ba. Wata mata da ba ta cikin likitocin 'yata ta keɓe da shi, ta tabbatar ba tilasta masa muka yi ba. A ranar na ji haushi, ina ganin ana ɓata mana lokaci. Da ya fito sai ya ce mini, "Baba, ashe nawa ɓargon zai sake tsirowa." Yaron nan ya yi makonni yana zaton zai ba da nasa ne gaba ɗaya ya zauna babu, kuma a haka ya yarda. Ni mahaifinsa ban san da wannan ba.

Ɗan Hajiya: Anti, ki tsaya tukuna. Mu mun je irin wurin da ake faɗa miki. Mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki, muka haɗa abin da muke da shi muka kai shi. Suka tsotsi kitse daga cikinsa, suka juya a wata na'ura, bayan awa biyu suka sa masa a jijiya. Takardar da muka sa wa hannu shafi ɗaya ce, abin da ke ciki shi ne duk abin da ya faru ba ruwansu. Ya yi kwana biyar yana zazzaɓi, hannun ko motsi bai yi ba, da muka dawo kuma suka daina ɗaukar waya. Daga baya na karanta labarin wasu tsofaffin mata uku a Fulorida ta Amurka, da aka yi wa irin wannan allurar kitse a ido biyu a 2015, ganinsu ya lalace, ɗaya ta makance gaba ɗaya. Mu Allah ne ya tsare.

Ummu Sumayya: Tawa ta ɗan bambanta, amma ta shafi maganar kwafar mutum da aka tsorata ki da ita. Bayan shekara bakwai ba haihuwa, aka haɗa mana ƙwai a asibiti a Ingila, Allah ya ba mu 'ya. Saura uku a ajiye cikin sanyi. Aka kawo mana takarda mu zaɓa: a ci gaba da ajiyewa, a bar su su lalace, a ba wasu ma'aurata, ko a ba masu bincike. Hannuna na rawa na tambayi ma'aikaciyar ko za su iya yin kwafin 'yata da su. Ba ta yi mini dariya ba. Ta ce tun 2001 laifi ne a ƙasar a dasa wa mace tayin da aka samar ta hanyar kwafi, duk mai bincike a kan tayi sai da lasisin hukumar da dokar 1990 ta kafa, kuma ba a barin tayin ya wuce kwana 14 a ɗakin gwaji. Maigidana ya tuntuɓi malamai, a nan muka ji cewa Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta haramta kwafar ɗan Adam tun a zamanta na Jidda a 1997. Daga ƙarshe ba mu ba masu binciken ba, zuciyata ba ta natsu ba. Babu wanda ya matsa mana ko ya canza mana fuska.

Malam Bashir: Ni ɗalibi ne a wannan fanni a Jamus, inda dokar ta fi tsauri. Dokar kare tayi ta 1990 ta hana kwafi, ta hana samar da tayi don bincike. Ƙwayoyin tayi sai dai a shigo da waɗanda aka riga aka samar a waje kafin 1 ga Mayu 2007, shi ma da izini. Na taɓa jiran amsar kwamiti har na fara tunanin sauya aikina, kuma har gobe ina ganin wasu sharuɗɗan sun yi yawa. Yanzu ina aiki da ƙwayoyin fata da ake mayarwa na tushe, dabarar da Shinya Yamanaka na Japan ya fito da ita a 2006, ya samu kyautar Nobel a 2012. Wannan ba ta buƙatar tayi ko kaɗan.

Amma Hajiya, mutumin nan ya haɗa miki abu biyu da ba su da alaƙa. Tunkiyar nan Doli da aka samar ta hanyar kwafi, aka haife ta a Sikotilan a 1996, sai da aka yi gwaji 277 kafin ita kaɗai ta rayu. Ki ɗauka a ce 'ya'yan mutane ne. Abin da dokokin kwafi suka tare ke nan, kuma ko kusa ba su taɓa maganin sikila ba. Hasali ma Ingila da Amurka sun amince a ƙarshen 2023 da wani maganin sikila mai suna Casgevy, wanda ake gyara ƙwayoyin jinin majinyacin da kansa, ga masu shekara 12 zuwa sama. Ki tambayi mutumin nan sunan hukumar da ta ba asibitin nasu lasisi, da lambar rajistar gwajinsu, da yawan waɗanda aka yi wa abin bai yi ba.

Maman Abdallah: Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Ɗan Hajiya, Allah ya ba Baba lafiya. Malam Bashir, na tura masa tambayoyin nan uku jiya da daddare. Ya karanta, sai ya ƙara turo wani bidiyon, ya ce gurbi ya kusa ƙarewa in hanzarta biyan kafin alƙalami. Ban amsa ba. Yau da safe na kira likitan jinin da ke duba Abdallah, ya ce mu zo ranar Talata tare da ƙannensa biyu a yi maganar gwajin dacewa. Abu Hanifa, don Allah kafin ranar ka faɗa mini yadda kuka yi wa yayan Hanifa bayani, saboda ƙaramar tawa shekararta shida kuma tana tsoron allura.