Rabin wata aiki ya sha kaina, rabi kuma ina kallon agogo

Mai_Lissafi:
Assalamu alaikum. Shekara shida ke nan ina haɗa albashin ma'aikata a wani kamfani. Daga 22 ga wata ba na ɗaga kai: alawus, gyaran lambobin asusu, waya ba ta daina ƙara, sai tara na dare nake kashe kwamfuta. Da an biya albashi, shiru kake ji. Sati biyu cur ina buɗe teburin Excel ɗin da na gama tuntuni, don kada oga ya wuce ya ga allona wayam. Har ƙarar agogon bango nake ji. Abin da ya ɗaure min kai, a makonnin zaman banzan nan na fi komawa gida a galabaice. Gundura ma tana cinye mutum ne, ko lalaci ne ya kama ni?

Uwar_Biyu:
Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, tawa matsalar yawan aiki ce zalla, amma na gane abin da kake faɗa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace wannan gajiyar da Turawa ke kira da kalmar da ke nufin ƙonewa ƙurmus. Ba ta ɗauke ta a matsayin cuta ba, ta ce abu ne da matsin aiki mai tsawo ke haifarwa, da alamomi uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta fita daga aikin, sannan ka ji ba ka tsinana komai. Duba na biyu da na uku da kyau. Ni ranar da na kama kaina ina kiran marar lafiya da lambar gadonsa na san na kai wurin.

Dattijo:
Yaro, wasu na neman sati biyun nan ido rufe. Ni makon ƙarshen watan ya fi damuna. Rahoton Hukumar Lafiya da ta Ƙwadago na 2021 ya nuna aikin awa 55 ko fiye a mako yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari. Ka fara da wannan.

Sabon_Shiga:
Baba, da girmanka, zaman da yake yi ba hutu ba ne. Mai hutu yana iya tashi ya tafi. Shi a ɗaure yake kan kujera awa takwas yana wasan kwaikwayon aiki, kunnensa na kan takun oga. Wannan ɓoyon kaɗai aiki ne. A Faransa har kotu ta taɓa shiga irin maganar: a 2020 ta sa wani kamfanin turare ya biya tsohon ma'aikacinsa diyya, bayan an ajiye shi shekaru ba a ba shi aikin kirki har lafiyarsa ta taɓu.

Tun 1979 wani mai bincike, Robert Karasek, ya nuna ba nauyin aiki kaɗai ke illa ba, har da rashin ta cewa a kan yadda za ka yi shi. Yaya Mai_Lissafi, a ƙarshen wata wasu ne ke jibgo maka takardu a makare, a tsakiyar wata kuma wasu ne suka hana ka motsi. Duk biyun ba kai ke riƙe da ranarka ba. Kuma ina zargin ko a ranakun ƙarshen watan ma kana gundura, hannu ne kawai ke gudu.

Mai_Lissafi:
Wallahi ka taɓo wurin. Layi ɗari huɗu nake cikawa, kaina yana wani waje. Gobe zan nemi oga ya sa sassa su riƙa turo takardun alawus daga 10 ga wata. Shekara shida ban taɓa tambaya ba, ina tsoron ya gane ina da lokaci.