Gobe ƙarfe 10 ake so na a wani birni, me zan hau?

Nura ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah waɗanda suka saba da tafiyar aiki ta ba-zata su taimaka mini da shawara, lokaci ya ƙure mini.

Ina aiki a sashen kasuwanci na wani kamfani. Ɗazu ƙarfe 3 da rabi oga ya leƙo ya ce gobe ƙarfe 10 na safe akwai zama da wasu manyan abokan cinikinmu a wani babban birni mai nisan kilomita kusan 450 daga nan, kuma ni zan je. Karo na huɗu ke nan cikin wata uku, ukun da suka wuce kuwa babu wanda na ji daɗinsa.

Na farko na sayi tikitin jirgin sama da daddare. Abokin aikina da ya saya tun mako biyu kafin nan rabin kuɗina ya biya, ga kujerarsa a jikin tawa. Na biyu na ce bari in yi wayo, na tashi motata ƙarfe 3 na dare. Na isa kan lokaci, amma ido ya yi ja, kai ya yi nauyi. Aka tambaye ni yawan kayan da za mu iya kawowa a wata, na karanto musu lissafin bara. Na uku na isa filin jirgi saura minti 35 a tashi, ma'aikaciyar ta ce an rufe kantar karɓar fasinjoji. Ta gilashi na tsaya ina kallon jirgin ana tura shi baya.

Abin da ke gabana yanzu: jirgin sama na ƙarfe 7 na safe, tafiyar minti 55, na bayansa sai ƙarfe 11. Jirgin ƙasa mai cin awa 3 da rabi, akwai na 7:40 na daren yau, akwai na 5:30 na asuba. Sai bas, sai motata. Kamfani ne zai biya, amma akantanmu sai an kai ruwa rana kafin ya sa hannu. Ku wanne za ku ɗauka?

Malam Garba:

Wa alaikumus salam. Nura, na daɗe a wannan zirga-zirgar, kuma kuskuren da kake yi shi na yi shekaru ina yi: ka zuba wa minti 55 ɗin nan ido. Ɗauko biro mu lissafa daga ƙofar gidanka zuwa ƙofar ɗakin taron.

Zuwa filin jirgi ka sa minti 45, domin a bayan gari ake gina filayen jirgi. Yawancin kamfanoni suna rufe kanta saura minti 45 ko awa 1, saboda haka ka ware awa 1 da kwata na layi, bincike da zaman jira. Sai minti 55 ɗinka a sama. Sauka da fita da neman mota, minti 20, in ba ka jiran jaka. Daga filin zuwa tsakiyar birni a daidai lokacin da kowa ya fito aiki, awa guda. Awa 4 da kwata ke nan. Jirgin ƙasa kuma tasharsa a cikin gari take nan da can: awa 3 da rabi, ka ƙara minti 20 na zuwa, 20 na fita, 15 na jira. Kunnen doki ka ga an yi. Sai dai a na sama an yayyanka maka lokacin gunduwa-gunduwa, nan layi, can cire bel da agogo, can kashe kwamfuta. A na ƙasa kuma kana zaune wuri ɗaya awa 3 da rabi da tebur a gabanka, ka duba lissafinka na bana, kada a sake karanto na bara.

Ba ra'ayina ba ne ni kaɗai. Hanyar sama tsakanin Madrid da Barcelona tana cikin mafi cunkoso a duniya kafin 2008. Da aka buɗe layin jirgin ƙasa mai gudu a shekarar, tafiyar ta koma kamar awa 2 da rabi, matafiya da yawa suka bar jirgin sama. Haka Landan da Paris tun da jirgin ƙasan Eurostar ya fara bi ta ƙarƙashin teku a 1994. Faransa ma a 2023 doka ta kafa ta hana wasu gajerun jiragen cikin gida a inda jirgin ƙasa ke kaiwa ƙasa da awa 2 da rabi. Ni ma'aunina: in jirgin ƙasa bai wuce awa 4 ba, ba na ma buɗe shafin kamfanin jirgin sama.

Abdul:

Malam ka yi daidai a lissafi, amma ni dai mota. Ka tashi lokacin da ka ga dama, ka loda samfurin kayanka a but, in zaman ya ja har yamma babu tikitin da zai ƙone. Ya kwanta da wuri kawai, ya tashi ƙarfe 3.

Anti Rabi:

Abdul, ka karanta abin da ya rubuta kuwa? Ya gwada. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na san abin da rashin barci ke yi. Tsakanin ƙarfe 2 zuwa 6 na asuba jiki ya fi neman barci, ko da mutum ya kwanta da wuri, wanda kuma ya san tafiya na gabansa da wuya ya samu barcin kirki. An auna an gani cewa wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, hankalinsa a kan sitiyari yana raguwa kamar na wanda ya ɗan sha giya. Ka lissafa: ya tashi 2 da rabi na dare, ya yi tuƙin awa 6, ya yi taro, sannan ya kamo hanyar gida da yamma. Ƙarfe 7 da rabi na dare ya cika awa 17, kuma yana tsakiyar hanya. In dole sai mota, a samu direba, shi ya zauna a baya. In kuma haya zai ɗauka ya ajiye ta can, ya tambayi kuɗin ajiyewa a wani gari kafin ya sa hannu, yawancin kamfanonin haya suna cajinsa daban.

Abdul:

Na karɓa Anti. Dawowar ce ban lissafa ba.

Hajiya Zainab:

Ƙanena, bari in yi maka bayanin kuɗin tikitin nan da ya tsaya maka a rai, na yi shekaru a ofishin sayar da tikiti. Ba cutarka aka yi kai kaɗai ba, haka tsarin yake. Kujerun aji ɗaya a jirgi ɗaya an kasa su rukuni-rukuni, kowane da harafinsa da farashinsa da sharuɗɗansa. Masu araha su ke fara ƙarewa. Kamfani kuma da gangan yake riƙe wasu kujeru har ranar ƙarshe, don ya san mai saye a daren tafiya yawanci irinka ne: an aiko shi, ba zai iya ɗagawa ba, kuma ba daga aljihunsa kuɗin ke fita ba. Wannan dabara ta yi ƙarfi ne bayan Amurka ta sakar wa kamfanonin jirage mara su sa farashinsu a 1978, daga nan ta bazu, har jiragen ƙasa da otal suka ɗauka. Masu cewa ka jira awa biyu kafin tashi farashi zai faɗi, kada ka biye musu a tafiyar aiki.

In dai ka nace sai sama, ga abin da na ga yana kayar da mutane. Ka karɓi katin shiga jirgi ta waya tun daren nan, ka tafi da jakar hannu kawai, da ka yi haka a karo na uku da wataƙila ka shiga. Ka duba farashin zuwa daban, na dawowa daban, ko da a kamfani biyu ne, wani lokaci ya fi sauƙi kuma ya fi ba ka 'yanci. Na dawowa ka sayi wanda ake iya canza wa lokaci, taro ba ya ƙarewa lokacin da aka ce.

Babban tarkon kuma shi ne wannan, ka riƙe shi da kyau: in ka sayi zuwa da dawowa a tikiti ɗaya, ka rasa na zuwa, ka bi ta wata hanya ka isa, yawancin kamfanoni za su soke na dawowar ba tare da sun kira ka ba. Na ga babban mutum da rigarsa ta alfarma yana faɗa a kanta da yamma, sunansa babu a jerin fasinjoji, don da safe ya makara ya hau mota. In ka rasa jirgi, kafin ka bar filin ka je ka sa a gyara maka tikitin.

Kada kuma ka jingina da diyya. A Tarayyar Turai doka ta ce in jirgi ya isa a makare da awa 3 ko fiye, a tafiyar da ba ta wuce kilomita 1,500 ba, ana biyan yuro 250, sai in dalilin ya fi ƙarfin kamfani kamar mummunan yanayi. Ko a inda ake biya, kuɗin ba zai dawo maka da zaman ƙarfe 10 ba.

Injiniya Bala:

Ni tambaya ɗaya nake yi wa kowace hanya: in wannan ya ƙi, me ke bayansa? Jirginka na 7 in an soke shi, na gaba 11 ne, zama ya wuce. Gaskiya jirgin farko na safe ya fi sauran tashi kan lokaci, domin yawanci a filin ya kwana, jinkirin yini bai taru a kansa ba. Amma harsashi ɗaya ne. Na 5:30 na ƙasa zai sauke ka ƙarfe 9, saura awa 1 kacal, shi ma harsashi ɗaya. Na 7:40 na daren yau kuwa, in ka rasa shi kana da na asuba, in ka rasa na asuba kana da jirgin sama na 7.

Abin da ya sa mutanen Tokyo da Osaka a Japan ba sa wannan ciwon kan ke nan. Layin jirgin ƙasa mai gudu na Shinkansen da ke tsakaninsu tun 1964 yake aiki, tafiyar kusan awa 2 da rabi, kuma a lokacin cunkoso 'yan mintuna ne tsakanin wannan jirgi da na bayansa. Ka rasa ɗaya, kafin ka gama jin haushi wani ya tsaya.

Sai dai ka bincika irin jirgin ƙasan naka yanzu-yanzu, ba duka suke ɗaya ba. TGV na Faransa da Eurostar sai da kujera mai lamba, in sun cika sun cika. ICE na Jamus kuwa a cikin ƙasar kana iya hawa da tikiti ba tare da kama kujera ba, ko da a tsaye ne. Kada ka je tasha da zaton za ka saya a can.

Maman Ilham:

Kana sammako wani a tafe ya kwana. Ka tafi yau. Kuɗin ɗaki na dare ɗaya da tikitin jirgin ƙasa ka haɗa su ka kwatanta da tikitin jirgin sama na gobe, ka ɗauki hoton farashin biyu ka tura wa oga da akanta a saƙo ɗaya, ka ce su zaɓa a rubuce. Akanta ba ya musu da hoto. Otal ɗin kuma ka nemi wanda za ka taka da ƙafa zuwa wurin taron, ko da bai kai wani kyau ba.

Tun da abin ya zama jiki, ka haɗa jaka guda ka ajiye ta a ofis: kaya saiti ɗaya, caja, katin shaida, buroshi, turare a kwalbar da ba ta wuce mililita 100 ba saboda ranar da za ka bi ta sama. Maigidana haka yake yi, har mun daina faɗan "ina kika sa mini caja".

Sadiq:

Babu wanda ya ambaci bas ɗin dare. Ya fi komai araha fa.

Malam Garba:

Sadiq, araha kam akwai. Amma a kujera zai kwana, ya sauka da wuya a sanƙare da kaya a yamutse, ya shiga neman inda zai yi wanka. Ka bar shi a matsayin na ƙarshe in komai ya cika.

Nura:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na bi shawarar Maman Ilham, na tura hotunan biyu. Jirgin ƙasa da ɗaki sun fi tikitin saman sauƙi da ɗan abin da ba a rasa ba, akanta ya amsa cikin minti huɗu, abin da bai taɓa yi ba. Injiniya, da na duba kujera shida suka rage a na 7:40, kuma irin mai lamba ne, da na bari sai na je tasha da labari ya sha bamban. Hajiya, na dawowa ban saya ba tukuna, akwai na 2 da na 5 na yamma, sai na ga yadda zaman ya kaya.

Yanzu haka ina taragu na huɗu, kujerar taga, mun bar tasha da minti goma. Na buɗe kwamfuta. Anti Rabi, makullin motar na bar shi a gida. Caja kuwa, Maman Ilham, na manta ta a ofis, na makwabcina nake ara.