Darasi 24 a Takarda, Sauran Aikin Wa Zai Biya?

Auwal Gwale: Assalamu alaikum malamai. Shawara nake nema. Wata makarantar kuɗi a Jidda ta turo min tayin koyar da Turanci a manyan azuzuwan firamare. An rubuta darasi 24 a mako, ga gida ga tikiti. Sai dai a ƙasa akwai wani layi da ya ce "da duk wani aiki da hukumar makaranta ta ga ya dace". Akwai kuma wata cibiyar koyon harshe a Hanoi, ƙasar Biyetnam, da ke biya bisa awa. Ku da kuka riga mu fita, shirya darasi da makin takardu da cike-ciken fom, ana biya ne ko sadaka ake yi?

Malam Kabiru, Riyad: Wa alaikumus salam. Ƙanina, wannan layin na ƙasa shi ne aikin. Darasi 24 lokacin da kake tsaye gaban allo ne kawai. Dokar ƙwadago ta Saudiyya kuwa ba ruwanta da darasi, awa take ƙirgawa: awa 8 a rana ko 48 a mako, da azumi ta sauko zuwa 6 a rana ko 36 a mako ga Musulmi. To makaranta za ta ce duk tazarar da ke tsakanin darasinka da awa 48 ɗin nan tata ce, ta riga ta saye ta da albashi. Saboda haka kar ka tsaya kan yawan darasi. Ka ce su rubuta maka ƙarfe nawa ake shiga, ƙarfe nawa ake tashi, kuma cikin wannan lokacin fili nawa aka bar maka babu aji. In ba a bar maka ba, gida za ka ɗauko aikin, kuma abin da ka yi a ɗakinka da daddare babu na'urar sa hannu da ta gani. Sashe na 107 ya ce aikin da ya wuce lokaci ana biyan kuɗin awar a ɗora rabin na asalin albashi, amma sai in akwai shaidar cewa su suka sa ka.

Malama Binta, Dubai: Malam Kabiru ya faɗi na doka, bari in faɗi na cikin aji. Auwal, tambaya ta farko da za ka yi ita ce: aji kala nawa zan ɗauka? Mai darasi 24 da ke koyar da 'yan aji biyar kaɗai, rukuni huɗu, shiri ɗaya zai yi ya maimaita. Mai darasi 20 da aka raba masa daga aji uku zuwa shida, kowane da littafinsa da jarrabawarsa, shi ne ba ya barci. Ta biyu, ka roƙi su turo maka fom ɗin shirin darasin da suke amfani da shi. Daga ganin fom ɗin za ka san irin gidan da za ka shiga. Akwai na rabin shafi, akwai wanda kowane darasi sai ka rubuta abin da ka tanadar wa masu saurin fahimta, da na tsakiya, da masu rauni, da masu buƙata ta musamman, sannan a ce a ɗora na mako mai zuwa gaba ɗaya kafin ƙarshen wannan makon.

Nan Dubai hukumar KHDA ke duba makarantun kuɗi tana ba su daraja, iyaye kuma da wannan darajar suke zaɓe. Da an ji ƙishin-ƙishin masu duba na tafe, shi ke nan, a sake liƙe bango, a bi littattafan yara ɗaya bayan ɗaya a tabbatar akwai jan biro da sharhi, a haɗa jadawalin ci gaban kowane yaro. Ban taɓa ganin wanda aka ƙara wa dirhami ɗaya don wannan ba.

Sadiya M.: Anti Binta kin manta da iyaye. Ni abin da ya fi cinye min dare shi ne saƙonninsu. Auwal, ko da wasa kar ka ba iyaye lambarka ta kanka. Duk magana ta bi ta manhajar makaranta ko imel, kuma tun makon farko ka sanar da lokacin da kake amsawa.

Nasiru, Hanoi: Yaya Auwal, na Biyetnam ɗin ni zan ba ka labari. Kuɗin awa yana da daɗin ji a waya, amma awar cikin aji kaɗai ake nufi. Za a ce ka iso kafin darasi, ka tsaya bayansa ka rubuta sharhi kan kowane yaro a kwamfuta, ka halarci taron malamai, wani lokaci ka yi darasin gwaji don jawo sababbin ɗalibai. Yi lissafi da kanka: in za a biya ka awa 20, kai kuma ka ƙara 10 a shiri da rahoto, kashi ɗaya cikin uku na kuɗin awarka ya tafi. Yara suna makarantarsu da rana, don haka aikin cibiyoyi yamma ne da Asabar da Lahadi. Lokacin Tet, bikin sabuwar shekararsu, ana rufewa, kuma mai karɓa bisa awa in ba aji ba kuɗi. Abubuwa biyu za ka nema a rubuce: mafi ƙarancin awoyin da dole su biya ka kowane wata ko da ajin bai cika ba, da abin da za a ba ka in an soke darasi a ƙurarren lokaci. Kuma kar ka yarda ka fara shiga aji da bizar yawon buɗe ido wai takardar izinin aiki tana hanya. In aka kama, kai ne a ciki.

Baba Malam Idi, Zariya: 'Ya'yana, ina ta karanta ku. Ni na yi shekara biyu a Gambiya ƙarƙashin shirin TAC, wanda gwamnatin Najeriya ta kafa a 1987 don tura ƙwararru aiki a wasu ƙasashe, kuma ban san wani malami da aka taɓa biya daban don ya shirya darasinsa ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Malamin da ya shiga aji bai shirya ba ya ci amanar yara, ko a Jidda ko a Tudun Wada.

Malama Binta, Dubai: Allah ya ƙara girma Baba. Babu mai gardama kan shiri, shi ne rabin koyarwa. Kukanmu a kan takardun da ba yaro aka yi wa ba. Maki ɗaya za ka shigar a rajistarka, ka shigar a manhaja, ka sake shigarwa a wani jadawalin na shugaban sashe. Ga tsaron ƙofa da safe, ga rakiyar bas, ga riƙe ajin wanda bai zo ba a daidai filin da ka ware don makin. Wannan ba yaron da ya ƙaru da shi.

Baba Malam Idi, Zariya: To, in haka ne na fahimta. A zamaninmu rajista ɗaya ce da littafin shirin darasi, hedimasta ya sa hannu ranar Litinin.

Hajiya Rabi, Bamingham: Auwal, ga abin da za ka riƙa aunawa da shi ko da ba nan za ka zo ba. A Ingila, tun 2005 malamin makarantar gwamnati yana da haƙƙin a ware masa aƙalla kashi 10 cikin 100 na lokacin koyarwarsa don shiri da makin, a cikin lokacin makaranta, kuma ba a ɗauke shi a wannan filin a ce ya riƙe ajin wani. Lokacin da shugaban makaranta ke da ikon juya ka awa 1,265 ne a shekara, cikin kwana 195. Kar ka ɗauka aljanna ce, don takardar ƙa'idojin aikin malamai ta kuma ce malami zai ƙara awoyin da aikinsa ke buƙata, mu ma muna kwasar littattafai zuwa gida. Amma aƙalla akwai lamba da za ka nuna. In makaranta ta kasa gaya maka fili nawa ta ware maka a mako, amsar ke nan ta ba ka.



Auwal Gwale: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Takardun tafiya fa? Ejan ɗin ya ce in fara kai digirina a buga hatimi, kuma in tanadi kuɗin igama, wato katin izinin zama a Saudiyya.

Malam Kabiru, Riyad: Tsaya nan. Hatimin digiri naka ne, wannan gaskiya ne: Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja, sai Ma'aikatar Harkokin Waje, sai ofishin jakadanci. Ka haɗa da takardar TRCN, hukumar rajistar malamai ta Najeriya, da ta 'yan sanda mai nuna ba ka da laifi, kuma kar ka yi gaggawar karɓo ta 'yan sandan, tana da wa'adi. Amma igama ba taka ba ce. Sashe na 40 na dokar ƙwadagon ya ɗora kuɗin ɗauko ma'aikaci da na igama da izinin aiki da sabunta su, har da tikitin komawa gida in aiki ya ƙare, a kan mai ɗaukar aiki. Ejan ɗin da ya ce ka tanadi kuɗin igama, ka tambaye shi aljihun wa za su shiga. Fasfo ɗinka ma babu mai ikon riƙe maka shi.

Sannan kwantiragin da ke da ƙarfi shi ne wanda za a ɗora a Qiwa, shafin intanet na ma'aikatar ƙwadago ta Saudiyya, ka amince da shi da hannunka, ba wanda aka turo maka ta WhatsApp ba. In na Larabci da na Turanci suka saɓa, na Larabcin ake bi. Ka samu wanda ya iya Larabci sosai ya karanta maka layi-layi kafin ka danna.

Sadiya M.: In ka shiga kuma, dabarun rage wahala: ku haɗa kai da masu koyar da aji irin naka ku raba shirin, kowa ya ɗauki mako. Ka tara jimlolin sharhi na katin sakamako tun farkon zango, ka riƙa gyarawa daidai da yaro. Ƙananan gwaje-gwaje yara su musanya littafi a yi makin tare a aji, kai ka riƙe insha'i kaɗai. Shafin British Council na malamai yana da darussa kyauta masu kyau. Masu sa ChatGPT ya tsara musu fom, ba laifi, amma kar sunan yaro ko makinsa ya shiga ciki, ana korar mutum a kan haka.

Nasiru, Hanoi: Ƙari ɗaya: ka nemi magana da malamin da ke aiki a wurin yanzu, amma ba wanda su suka zaɓo maka ba. Ka bincika a Facebook ko LinkedIn. Tambaya ɗaya ta isa: ranar hutunka ta mako kana buɗe kwamfuta?

Malama Binta, Dubai: Kuma ka sayi ƙaramin littafi ka riƙa rubuta duk aikin da aka sa ka bayan an tashi, da kwanan wata da wanda ya sa ka. In da baki aka faɗa, ka tura imel cikin ladabi: ranka ya daɗe, kamar yadda ka umarta zan zo ranar Asabar. Ba rigima kake nema ba, ajiya ce.

Auwal Gwale: Malam Kabiru, in rigimar ta zo fa duk da haka?

Malam Kabiru, Riyad: Allah ya kiyaye. Ana fara shigar da ƙorafi ne a ma'aikatar ƙwadago, su zaunar da ku sulhu, in bai yiwu ba a tura kotun ma'aikata. Kar ka bari ya wuce wata 12 bayan barin aiki, in ya wuce ba a cika sauraro ba. Yanzu dai ka rubuta musu tambayoyin Malama Binta da nawa a imel ɗaya, ka ce su haɗo da jadawalin malamin da za ka gada. Shafin Larabcin kuma turo min ta waya bayan isha'i in duba maka.