"In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza": har a cikin aji?

Malamar Kwaleji: Salamu alaikum jama'a. Jiya muka yi sa-in-sa da shugaban sashenmu. Ilimin halayyar ɗan Adam nake koya wa 'yan NCE ajin farko. Na ba su shafi biyu kan karen Pavlov, masanin Rasha da ya saba wa kare jin ƙararrawa kafin a ba shi abinci, na ce kowa ya faɗa mini da bakinsa dalilin da yawu ke zubo wa karen in ya ji ƙararrawa. Wata ta karanto tsaf ba gargada, da na ce "to me ake nufi?" sai ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabi. Shugaban sashen kuma ya ce in rage karatun, in daina tambayar "yi bayani", in koma ta canki-canka, ya kawo wannan karin maganar. Wallahi ban yi barci ba. Waɗannan ne fa za su koyar da 'yan firamare gobe. Muhallin karin maganar ke nan?

Ɗan Fagge: Malama, bai yi ƙarya duka ba. A 2024 maki 100 cikin 400 JAMB ta tsayar na shiga kwalejin ilimi. Daga can aka canza kiɗan.

Abu Safwan: A'a ɗan'uwa, a aji malami ne makaɗi. Yaushe mai rawa ya fara juya ganga?

Uwar Biyu: Kun tuna mini kakata, Allah ya jiƙanta. Fura take sayarwa. Shekarar da gero ya yi tsada, maƙwabta suka dinga haɗawa da garin rogo, suna faɗin maganar nan. Ita kuwa sai ta rage girman dunƙulen, ta ƙi taɓa haɗin. Ina zaune gefen turmi ina gani, sai ta gutsura ta murza a yatsa, ta shinshina citta da kanumfari kafin ta mirgina a gari. Wani dattijo ya yi mitar ƙanƙanta, ta ce, "Malam, dama ka sha tukuna." Washegari da kwanonsa ya dawo.

Ɗan Fagge: Ai Hajiya ma ta canza rawar ke nan!

Uwar Biyu: Takun rawar ta rage, Yaya, ba ta canza ba.

Na-Gwammaja: Ku bar masu fura. Akwai waɗanda tun makaɗi bai ɗauko gangar ba sun canza hula da jam'iyya. 'Ya'yansu kuma suna Ingila.

Abu Safwan: Su da jin ƙarar jiniya yawu ke zubo musu.

Malamar Kwaleji: Yaya Uwar Biyu, to in mayar da shi shafi ɗaya amma in bar tambayar? Ranar Litinin zan miƙa takardun jarrabawa.

Na-Gwammaja: Wai nawa ake sayar da tiyar gero yanzu a wajenku?