Neman shawara: littafina na barkwanci ya koma kuka tun daga babi na 9

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa marubuta. Ina rubuta labarin wani Alhaji mai shekara 48, manajan banki a Kano, da aka sallama daga aiki. Ya ɓoye wa gida, kullum sai ya ɗaura kwat ya fita, ya wuni a teburin mai shayi. Da asiri ya tonu suka yi cacar baki da uwargida, ya sake ta. Burina ya gyara halinsa ta dawo ɗakinta. Babi takwas na farko ana ta dariya, daga na tara sai wa'azi da hawaye. Don Allah ina na kuskure?

Mai tace littattafai: Wa alaikumus salam, Malama. Ƙaryar nan ita ke ɗauke da dariyar, kin kuwa yanka ta da wuri. Abin da ke ba mai karatu dariya shi ne yadda Alhaji ke ɗaukar kansa babba alhali aljihu ya bushe. In littafin babi 24 ne, kada asirin ya tonu lokaci guda. A babi na 4 mai shayi ya gane, a na 8 'yarsa ta hango shi daga cikin adaidaita yana tsoma burodi a kofi, uwargida kuma sai wajen na 12. Duk wanda ya gano, ya nemi toshiyar baki, ƙaryar ta ƙara tsada.

Bayan sakin kuma kada girman kan ya mutu tare da ƙaryar. Ki kai shi tsaron shago a Kantin Kwari, ƙarƙashin yaron da ya taɓa hana wa rance, yana kiran 'yan dako taron gaggawa, yana neman a sa hannu kafin a ɗauki bandir ɗin atamfa. Kowane babi ya nemi abu ɗaya, ya bi ta hanyar da ta fi kare masa mutunci, hanyar ta ƙara kunyata shi.

Wani malami a zauren: 'Yar'uwa, saki nawa ya yi? Ki tsayar da wannan tun yanzu, don masu karatu za su kama ki. In ɗaya ne ko biyu, yana da ikon yin kome muddin tana cikin idda, wato tsarki uku a mazhabar Malikiyya. Iddar na cika, sai sabon ɗaurin aure da yardarta, da waliyyi, da sadaki. In uku ne, sai ta auri wani aure na gaskiya, kisan wuta kuwa haramun ne. Ni dai na fi ganin ki bar shi ya yi ta jan aji har idda ta cika. Daga nan dole ya koma zance kamar saurayi, da furfurarsa, yana jira a zaure, ga wani bazawari ya riga shi zama kan tabarma.

Batun kuɗi ma ki daidaita shi. A Dokar Fansho ta 2014, wanda bai kai 50 ba ya rasa aiki zai iya cire kashi 25 cikin ɗari na asusun fanshonsa, amma sai ya yi wata huɗu babu aiki. Watannin nan huɗu su ne wa'adin ƙaryarsa, ga cefane ga kuɗin makaranta.

Marubuciya: Wa'azin yana shigowa ne saboda babu mai faɗa masa gaskiya cikin raha, sai ke marubuciya ki karɓi aikin da bakinki. Ki ba shi taubashi, ko aboki Bazazzage tunda shi Bakano ne, wanda zai tsokane shi ba a ji haushi ba. Dubi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, ai Malam Zurƙe ne gishirin tafiyar.

Sannan Hajiya kada ta zauna jiran gawon shanu. Ta kama sana'arta, ta yi kyau, har ta fara tunanin ko tana son komawar ma. Tubansa kuma a gan shi a aikace: ya je ya biya mai shayi bashinsa da kuɗin da ya yi gumi a kai, ya gaya wa surukinsa gaskiya da bakinsa. Duk inda ya yi maganar nadama ta wuce layi uku, ki yanke.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saki ɗaya zan mayar da shi. Malam, in ta tafi gidansu da kanta, ciyarwar idda tana nan a kansa?