Wa ya fara shirin safe a talabijin, kuma me ya sa duk zubinsu ɗaya?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga masana harkar talabijin. In ka kunna Gari Ya Waye na Arewa24, ko Kakaaki na AIT, ko Sunrise Daily na Channels, kusan abu ɗaya za ka tarar: mutum biyu ko uku a zaune, a kawo baƙo, a tafi talla, a dawo. Wa ya fara wannan tsari? Sannan me ya sa shirye-shiryen safe suke ta maimaita kanun labarai, sai ka ce da kurame ake magana?

Malamin Gwale:
Wa alaikumus salam. Uwar ɗakinsu duka ita ce Today ta tashar NBC a Amurka. Kada ka haɗa da NBC tamu mai ba tashoshi lasisi, suna ne kawai ya zo ɗaya. An fara shirin ranar 14 ga Janairun 1952 a birnin New York, kuma har yau bai tsaya ba. Sylvester Weaver, wanda aka fi sani da Pat, shi ya ƙirƙiro shi, Dave Garroway kuma ya fara gabatarwa. Awa biyu ne, bakwai zuwa tara na safe.

A lokacin mutane da yawa gani suke wauta ce, don safiya ta rediyo ce. Dabara biyu Weaver ya yi. Ta farko kan kuɗi. Da, kamfani ɗaya ke ɗaukar nauyin shiri sukutum, ya kuma juya shi yadda ya ga dama. Shi sai ya yanyanka lokacin talla minti-minti yana sayar wa kamfanoni da dama, kamar shafukan mujalla. Ƙaramin kamfani ya samu shiga, tasha kuma ta riƙe akalar shirinta. Ta biyu, ya sa ɗakin shirin a ƙasan bene, da ƙatuwar tagar gilashi tana kallon titi. Masu wucewa su tsaya suna leƙe, suna ɗaga kwalaye da gaisuwa ga 'yan gida, kyamara ta juyo kansu.

Duk da haka shekarar farko ba ta yi armashi ba. Abin da ya ɗaga shirin, ko ka yarda ko kada ka yarda, biri ne. A 1953 aka kawo wani ɗan biri mai suna J. Fred Muggs, ana sa masa riga da wando yana zama kusa da Garroway. Yara suka nace sai an kunna, iyaye suka zauna dole, masu talla suka biyo baya. Sai 1957 aka sallame shi. Abin dariya, da Ingila ta fara nata a 1983, BBC ta fito da Breakfast Time, ita kuwa kishiyarta TV-am da ta biyo bayan mako biyu ta kusa durƙushewa, har sai da aka kawo wani ɓeran 'yar tsana, Roland Rat, ya janyo mata yara.

Su kuwa masu shirin Today, daga 1958 sun koma naɗar yawancin shirin tun yammacin jiya, a 1961 suka dawo kai tsaye. Shirin safe da aka dafa jiya ɗumame ne. A 1994 suka sake komawa ɗaki mai gilashi a Rockefeller Plaza, suka ƙara awa ta uku a 2000, ta huɗu a 2007.

Hajiya Furodusa:
Malam ya gama da tarihi, bari in ɗauki maganar maimaici. Ƙanena, ba kurma aka ɗauke ka ba, mai sauri aka ɗauke ka. Ba a gina shirin safe don wanda zai zauna daga farko har ƙarshe. Mai kallo na neman takalmin makarantar yaro, ana zuba koko, mai adaidaita sahu na danna oda a ƙofar gida. Kunne ke aiki, ido sai jefi-jefi. Wanda ya kunna bakwai da rabi bai ji kanun ƙarfe bakwai ba, dole a sake masa. Shi ya sa ake yanka shirin rabin awa-rabin awa, kowane yanki da kansa da jelarsa. A Today, minti 25 da minti 55 na awa ana sakar wa tashoshin garuruwa kamar minti biyar su ba da labarin gida da yanayin sama, sannan a dawo New York.

Jerin kuwa daga nauyi ake gangarowa. Rabin awar farko labari mai zafi da baƙon siyasa, don masu fita aiki ba su tafi ba. Bayan takwas sai lafiya, girki, tarbiyya, kasuwa, saboda masu kallon sun sauya. Hira ta zauna tsakanin minti biyar zuwa bakwai. Tambayar da aka gayyaci mutum dominta a yi ta ta farko ko ta biyu. In aka tsaya gaisuwa da yabon baƙo, kafin a kai gare ta furodusa ya raɗa a kunne cewa saura minti ɗaya. Talla ba ta jira, an riga an karɓi kuɗinta, don haka duk hirar da ta zarce, haƙƙin na bayanta ta ci.

Abubuwan da suka fi ɓata shiri a nan Kano sanannu ne. Baƙo ya maƙale a cunkoson Ƙofar Nassarawa, ko ya kashe waya. Maganinsa a ajiye rahoto biyu da aka riga aka naɗa, kowanne minti uku zuwa huɗu, a kuma nemi baƙo ya iso minti talatin kafin lokacinsa. Sai wuta. A hau janareto tun kafin a buɗe shiri, kada a jira a ɗauke ana tsaka da magana, don kafin na'urori su sake tashi allo ya yi baƙi. Batirin ƙaramin makirufon da ake maƙalawa a wuyan riga a sauya shi kullum da asuba, ko da jiya sabo ne. Mai kiran waya kuma, tun kafin a haɗa shi a ce ya rage sautin talabijin ɗinsa, in ba haka ba muryar ta zagayo ta shiga wayar, sai ƙara mai huda kunne. Da azumi lissafin duk ya sauya, gari na komawa barci bayan asuba.

Ɗan Fagge:
Allah ya ƙara sani, Malam da Hajiya. To mu a Najeriya me ya sa abin ya makara, alhali tun 1959 akwai talabijin a Ibadan?

Baban Zoo Road:
WNTV ta Ibadan ta buɗe a 1959, ta Kaduna a 1962, aka haɗe tashoshi ƙarƙashin NTA a 1977, nan Kano kuma gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa CTV, wadda yau ake kira ARTV. Amma shekaru da yawa sai da yamma ake buɗe tasha, a rufe da taken ƙasa cikin dare. Tashar da ke barci da safe ina ta ga shirin safe? Dokar 1992 da ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tasha ita ta kawo gasa. Kuma har gobe a Kano rediyo ke riƙe da safiya, don yana aiki da batir, yana bin mutum cikin mota da rumfar kasuwa.

Abu ɗaya Malamin Gwale bai taɓo ba: sauya mai gabatarwa. Mutum ya saba tashi da fuska ɗaya, in ka cire ta ba tare da ladabi ba, fushi yake. Da Jane Pauley ta bar Today a ƙarshen 1989 aka sa Deborah Norville, jama'a suka ɗauka ture ta aka yi, Good Morning America ta ABC, wadda ta fara a 1975, ta wuce gaba, sai zuwan Katie Couric a 1991 ƙura ta fara lafawa. A Afrilun 2012 ABC ta karya wa masu Today mako 852 da suka jera suna kan gaba, bayan wata biyu suka cire mai gabatarwarsu Ann Curry tana hawaye a gaban kyamara, abin ya ƙara dagulewa. In za a sauya, a fara zaunar da sabon kusa da tsohon na wasu watanni, a bar tsohon ya yi sallama da bakinsa.